Malam Nikodimu, Wanda Ya Kwance Ɗana Daga Turke

Kafin mu feɗe dabbar farko a mahauta, keken Malam Nikodimu ya wuce. Baƙin keke ne mai akwatin katako a baya. Ba ya kaɗa ƙararrawa. Hannu yake ɗagawa ya ce, "Sarki, an tashi lafiya?" Ni kuma in ɗaga wuƙa. Gaisuwarmu ke nan tun shekarar da aka ba mu mulkin kai, lokacin da En'e ta turo shi garinmu a ƙasar Roni ya riƙe asibitin sha-ka-tafi.

Asibitin ɗaki biyu ne da baranda. Shi ke share barandar da kansa. Ya kunna risho, ya dafa allurai, ya jera kwalabe a kan tebur, sannan ya buɗe taga. Kafin nan benci ya cika: mata da goyo, tsofaffi masu tari, Fulani sun jingine sanduna a bango. Ba ya sallamar mutum sai ya taɓa shi da hannu. Ya duba ido, ya duba harshe, ya danna ciki. In azahar ta yi ya rufe taga, ya ci abin da ya samu, ya hau keke ya nufi rugage da ƙauyukan bayan dutse, wani lokaci har iyakar Gwiwa. Ran Lahadi yakan tafi coci a Kazaure. In aka tare shi a hanya da mara lafiya, cocin ranar ya wuce shi.

Mutumin kudancin Zariya ne, daga cikin duwatsu. Da ya zo, Hausarsa ba ta raba mace da namiji, mata na toshe baki da mayafi suna dariya. Yanzu shi ke yi mana karin magana. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma gida. Ni Sarkin Fawan garin nan ne. Ban saba yabon mutum yana raye ba. Wannan zan yaba.

Ba ni kaɗai na ga aikinsa ba. A tambayi Fulanin bayan dutse wanda ya ɗinke cinyar Ardonsu ran da bijimi ya soke shi. A tambayi matan garin nan, shekarar amai da gudawa, wanda ya hana a sha rijiyar kasuwa, ya tsaya a bakinta da kansa ana zaginsa har aka haƙura. Lokacin yaƙin basasa baƙi da yawa sun ɗaure kaya. Shi ya ce lambar agana ba ta gama zagaye ƙauyuka ba, bai ga ta tafiya ba. Shekarar fari kuwa, da mutanen arewa suka gangaro ta Babura da 'ya'ya kamar tsinke, barandarsa ce ta zama masaukinsu.

Waɗannan kowa ya sani. Nawa labarin ɗaya ne, na ɗana ne.

Ɗan fari ne, saboda haka sunansa ba zai fito daga bakina ba, ko a takarda. Alhaji gari ke ce masa, haka zan ce. Tun da aka yaye shi ƙanwata Dela ta ɗauke shi, ita ta raine shi. Ban taɓa saɓa shi a kafaɗa ba. Ban taɓa tambaya a gaban mutane ko ya ci ko bai ci ba. Haka na tarar ubana na yi da yayana, haka na yi.

Da kuɗin mai suka shigo, bayan an canja fam zuwa naira, Alhaji ya bar fataucin gyaɗa ya shiga kwangila. Kwalbati, tsakuwa, ginin azuzuwa. Ya sayi fijo, ya ɗauki direba mai suna Lauwali. Daga ƙofar gida zuwa masallaci, mota. Da safe shayi mai madarar gwangwani da sukari, burodi da bota. Da rana shinkafa tana iyo a mai. Lemon kwalba ya maye gurbin ruwan randa. Duk ranar kasuwa tozo da ɓargo gidansa suke tafiya, 'yan fawa ke kaiwa don neman fada. Ya yi wuya, ya yi tumbi, babbar riga ta zauna masa. A zamanin nan tumbi shaida ne. Mai ba da aiki shi yake fara dubawa kafin ya dubi takarda. Wai wanda ya ƙoshi ba zai gudu ya bar aiki ba.

Yana da aboki, Muhammadu Lawal. Tare suka tashi, tare suka shiga kwangila, tare suka yi ƙiba, shi ma ya fi Alhaji jiki. Wata damina ya kwanta. Ƙafafu suka kumbura, ciki ya cika da ruwa har yana ƙyalli, ido ya yi rawaya, hannaye suka tsotse. Aka ce sammu ne, abokan takara ne suka jefe shi. Aka yi turare, wanzami ya yi ƙaho, aka yi ta ɗura masa romo. Sai da ya fara aman jini aka kira Malam Nikodimu. Ya sa aka ɗauke shi zuwa Kano. A hanya rai ya yi halinsa.

Na je jana'iza. Abin da ban manta ba shi ne ubansa, Malam Halliru, tsoho sa'ana, a bakin kabari, mutum biyu na riƙe da shi. Ɗa ne ya kamata ya tsaya a wurin nan, uba na kwance. Na ga an juya abin. Na dawo gida ban ci abinci ba, ban kuma faɗa wa kowa dalili ba.

Malam Nikodimu ba ya shiga maƙabartarmu. A bakin hanya ya tsaya riƙe da keke har aka watse. Washegari bai wuce da ɗaga hannu ba. Ya jingine keke, ya zo teburina kamar mai sayen nama.

"Sarki, jiya da Alhaji ya karɓi makara, bai yi nisa ba ya saki, ya dafe haƙarƙarin dama."

"Ban gani ba," na ce.

Na gani. Shi ma ya san na gani.

"To," ya ce. "A yanko mini na miya."

Ya karɓa ya tafi. Bai nufi asibiti ba. Gidan Alhaji ya nufa.

Abin da ya biyo baya Lauwali direba ne ya ba ni labari, don ni ba na tambaya, shi kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Malam ya kwantar da Alhaji a kan darduma, ya tura yatsu ƙarƙashin haƙarƙari, ya ce ya ja numfashi. Hanta ta sauko ta taɓa yatsunsa a inda bai kamata a same ta ba. Ya matsa masa har ya yarda suka tafi babban asibiti a Kano. Can aka sa doguwar allura aka ciro ɗan abu daga hantar, bai fi tsinken tsintsiya kauri ba. Ranar da suka koma jin abin da aka gani, likita ya dubi Alhaji ya ce, "Kana shan giya?"

Mutumin da ya je Makka. Alhaji ya miƙe, ya tattara riga, ya ce wa Lauwali, "Tada mota." Suka baro Malam a Kano.

Da wani ne, da ya yi zuciya. Malam komawa ya yi ya zauna gaban likita. Ya ce, "Likita, ni na san masu sha a ƙasarmu, don ni suke kawo wa ciwonsu a ɓoye. Wannan ba ya cikinsu." Likita ya ce dole ce ta sa ya tambaya, don hantar mashayi da wannan kamarsu ɗaya, amma suna samun irinta ga masu ƙiba da ba su taɓa kusantar kwalba ba. Ya ja shi ɗakin gwaji, ya nuna masa abin a madubin da ke girmama ƙaramin abu, ya koya masa yadda ake karanta shi. Malam ya dawo gida a bayan akori-kura, zaune a kan buhunan siminti.

Da safe ya zo teburina. Akwai hantar bijimi a gabana. Ya nuna ta da yatsa.

"Sarki, kai ka san wannan da wuƙa. Ni jiya na gan ta daga ciki. Gari ne guda. Ɗakuna ne a jere, jini na bi ta lunguna a tsakaninsu. A kowane lungu akwai masu gadi, 'yan ƙananan halittu da ido ba ya gani, Allah ya zaunar da su a nan. Duk ƙazantar da ta taso daga hanji, su ke cafke ta su haɗiye kafin ta bazu a jiki."

"Madalla da su," na ce.

"Madalla, in gari na zaune lafiya. A ta Alhaji kitse ya cika ɗakunan. Ɗaki ya cika ya fashe. Masu gadi su ji ƙara, su ɗauka ɓarawo ne, su yi kururuwa. 'Yan'uwansu na cikin jini su rugo da sanduna. Na gan su da idona, sun kewaye ɗigon kitse kamar 'yan kallon dambe. Ɓarawo babu. Sai su hau dukan gida. Inda suka daka, tabo. Gobe wani ɗakin ya fashe, su sake. Shekara da shekaru ana haka mutum bai sani ba, yana ƙiba ana yi masa barka. Ran da tabo ya haɗu da tabo, hanta ta ƙandare, jini ya rasa hanya. Ina jin abin da ya sami Muhammadu Lawal ke nan."

Na ci gaba da yanka. Na ce, "Ba a korar masu gadin?"

"In aka kore su, ƙazantar hanji za ta kashe mutum kafin kitse ya kashe shi. Aikinsu suke yi, ruɗa su aka yi. A rage kitsen sannu a hankali, ɗakuna su daina fashewa, su ma za su koma su zauna."

"Wanda ake magana a kansa, ina ya kai?"

"Tabo ya fara. Bai haɗu ba."

"Allah ya kyauta."

"Amin." Ya kama keke. "Sarki, ba zan sake tsayawa a bakin hanyar can ina kallo ba."

Alhaji ya ce kada a bar shi ya shiga gida. Malam ya riƙa zuwa bayan la'asar yana zama a dakalin ƙofa, keke a jingine, yana gaisawa da masu wucewa, har kunya ta kama mai gida ya fito.

"Ka kai ni an ce mini mashayi."

"Tambayarka aka yi, Alhaji. Ni na amsa maka."

"To, yi mini allura mu rabu."

"Ba shi da allura."

"Ƙwaya fa?"

"Babu."

"Ingila fa? Ina da halin zuwa."

"Ka je. Abin da zan faɗa maka za su faɗa maka, da Turanci."

"Me ke nan?"

"Ƙafa da baki. Ƙafa ta yi aiki, baki ya huta."

Lauwali ya ce Alhaji ya yi dariya, sannan dariyar ta tsaya. Ya ce, "Irin na Muhammadu ne?" Malam ya ce, "Hanyar ce. Shi ya kai, kai kana tsakiya."

Daga nan, kullum bayan sallar asuba Malam na ƙofar gida. Su taka har gonar Alhaji a gindin dutse su dawo, Malam na tura keke, Alhaji na haki. Ranar farko Lauwali ya biyo su da fijo a hankali kamar rakiyar amarya, Malam ya kore shi. Manoma na ɗagowa daga kan noma suna cewa, "Alhaji, ina mota? Ko ita ma ta kwanta?" Bayan tafiyar ne Malam zai je ya share baranda ya dafa allurai, kuma taga ba ta taɓa makara ba. Saude, matar Alhaji, ta koma tuwon dawa da miyar kuka, wake, zogale, rama, mai kaɗan. Lemo ya bar gidan. Ni kuma na faɗa wa 'yan fawa cewa daga yau tozo ba ya zuwa gidan kowa kyauta. Ban ambaci gida ba.

In keke ya zo wucewa sai in ji, "Sarki, an tashi lafiya? Yau an kai gindin dutse ba a zauna ba." Ba ni yake kallo ba, hanya yake kallo. Ni in ɗaga wuƙa. Malam, kai ne ka gane cewa uba na son labari ko da al'ada ta ɗaure masa baki. Ba ka taɓa sa ni na tambaya ba.

Ƙiba ta fara sauka, magana ta tashi. Alhaji na yawo a ƙasa, Alhaji ya rame, riga ta yi masa yawa: ya karye. Wasu suka ce an sayar da motar. Aikin kwalbati da aka yi masa alkawari a hanyar Yankwashi aka ba wani mai tumbi. Alhaji ya zo wa Malam a fusace.

"Ka ga abin da ka jawo mini? Ana cewa na tsiyace!"

"Na ji. Kwalbati na da yawa a ƙasar nan, Alhaji, ba a gama ginawa ba. Hanta ɗaya aka ba ka."

Washegari Alhaji ya fito tafiya. Bai gaishe shi ba har gona.

Amma babban yaƙin ba da 'yan kwangila aka yi shi ba. Da kwanon abinci aka yi shi. Tunda aka ce Alhaji ba shi da lafiya, kowane gida na dangi da surukai ya riƙa aikowa, kamar yadda aka saba. Mara lafiya kuwa a wurinmu da maiƙo ake jinyarsa: farfesu, man shanu, fura da zuma. Kwano ba ya komawa da abinci a ciki, cin fuska ne. A cikin kwanukan akwai wanda ba ya iya kauce wa, langar Dela. Ita ta goye shi. Da ta ga ƙashin wuyansa ya fito, sai ta ninka man shanu.

Malam ya shirya da Saude. Kwanuka na shigowa ta zaure, suna fita ta ƙofar baya zuwa barandar asibiti, inda masu jego da ragowar mutanen fari ke jiran magani. A cinye, a wanke, a mayar. Kowa ya ga kwanonsa ya dawo wayam ya ji daɗi.

Asiri ya tonu ran da Dela ta je neman maganin ido. Ta ga langarta, da alamar jan fenti da ta yi a gindi, a hannun wata Bafillatana. Daga mahauta muka jiyo muryarta.

"La'ilaha illallahu! Langata! Man shanun da na kaɗa da hannuna don ɗana! Kai, sillen kara, kai da iska ke ɗauka, so kake ka mai da shi irinka?"

"Gwaggo, ki zauna in yi miki bayani."

"Gwaggon wa? Nemi gwaggonka can bayan dutse! Waɗanda suka ci Muhammadu Lawal su suka saye ka ka shanye mini ɗa!"

Ta kai ƙara gaban Dagaci. Ta nemi a aika Kazaure a ɗauke shi daga garin. Mutane da yawa suka goyi bayanta, don baƙo ne, addininmu ba ɗaya ba, ga kuma Alhaji na ramewa a hannunsa kowa na gani. Da an ɗauke shi, na san inda Alhaji zai koma: gaban langa, daga nan bayan abokinsa.

Ina zaune a fada ranar, a wurina na sarauta. Dagaci ya dube ni, na dubi ƙasa. Uba ba ya tsayawa gaban jama'a ya yi gardama a kan cikin ɗan farinsa, balle da wadda ta raine shi. Alhaji ma kansa a sunkuye. Ba zai ƙaryata Dela ba.

Malam ya durƙusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, langa na ɗauka, ban musa ba. Ɓoyewar laifi ce, ina neman gafarar Gwaggo. In an ce in tafi zan tafi. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ran kasuwa a zo mahauta a ga abu, sannan a yanke hukunci."

Dagaci ya yarda.

Malam ya roƙe ni in ware raguna biyu cikin na yankan ranar. Ɗaya na turka, wanda ya daɗe a ɗaure a turke yana cin dusa da harawa da ƙuli, tashi ma da ƙyar yake yi. Ɗaya na Fulani, mai yawon daji. Ni na yanka su da hannuna, na feɗe, na ciro hantar kowanne na ɗora a faranti. Dagaci ya zo, Dela ta zo da mayafi, Alhaji na bayanta, kasuwa ta zagaye mu.

Ta ragon daji ja ce mai duhu, sumul, bakinta da kaifi. Ta ragon turka ta kumbura, ta koɗe kamar ƙasar gini, bakinta ya dakushe. Na ja wuƙa a kanta, wuƙa ta fito da maiƙo. Na danna da yatsa, ta farfashe.

"Gwaggo, wacce ta fi?" in ji Malam.

"Ji tambayar yara. Ta turka mana! Ita ke narkewa a baki."

"Gaskiya ne, ga mai ci. Ga ragon fa?"

Malam ya nuna hantar da yatsa.

"Ta Alhaji irin wannan ce. Na gani a Kano." Ya faɗa musu zancen ɗakuna da masu gadi yadda ya faɗa mini. Sannan ya juyo gare ni. "Sarki, tambayar sana'a zan yi maka. A shekarunka na fawa, ka taɓa cin karo da hantar da ta wuce wannan lalacewa?"

Tambayar sana'a ce. Wannan ina da bakin amsawa.

"Na taɓa," na ce. "Ta tsuke, ta yi tauri, wuƙa na kuka a cikinta kamar ana yanka ƙirgi. Cikin dabbar cike da ruwa. Ba ma sayarwa. Ungulu muke jefa wa." Na ɗaga murya yadda na bayan kasuwa zai ji. "Dabbar da tata ta kai nan, ko ba wuƙa, ta gama."

Ban dubi Alhaji ba. Dela ta dube ni. Cikinmu ɗaya, ta san abin da na faɗa, ta san wanda na faɗa dominsa.

Malam ya rage murya. "Gwaggo, rago ana turke shi ne don ranar wuƙa. Alhaji don wace rana ake turke shi?"

Sai murya ta fito daga baya. Malam Halliru ne, dogare da sanda.

"Dela, ni ma na ciyar da nawa. Ki saurari mutumin nan."

Dela ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ta buɗe, ta dubi Dagaci ta ce, "Ranka ya daɗe, na janye." Ta juya ga Malam. "Kai kuma, sillen kara, ka dawo mini da langata. A wanke."

Daga ranar ta shimfiɗa tabarma a zauren gidan Alhaji. Duk kwanon da ya zo sai ta buɗe. In ta ga mai na yawo a sama ta ce, "A kai baranda, masu bukata na can. Ku ce wa uwar gidanku Dela ta gode." Ba wanda ya isa ya ji haushi, tunda mai goyo ce ta faɗa. Malam ya ce ya sami mai gadin da ba a ruɗawa.

Bayan wannan kasuwar masu tumbi suka fara biyowa ta baranda da la'asar, kowa na cewa wucewa yake yi. Malam ya kwantar da su ya tura yatsu. Wasu sun ji, hanyar gindin dutse ta sami sababbin matafiya. Wasu ba su ji ba. Na bi gawar wasunsu. Ba murna nake yi ba, faɗa nake yi.

Damina biyu suka wuce ana tafiya. Wata safiya keke ya sake tsayawa a teburina.

"Sarki, jiya na tura yatsu ban sami hantar ba. Ta koma gidanta."

Suka koma Kano, wannan karon a mota ɗaya suka dawo. Likita ya ce masu gadi sun lafa. Tabon da ya riga ya zauna yana nan, amma ba zai ƙaru ba muddin ba a koma turke ba. Na yanko wa Malam cinya guda. Ya ce ta yi masa yawa, a kai baranda.

Alhaji bai koma cikin manyan 'yan kwangila ba. Waɗanda suka wuce shi a lokacin sun wuce shi. Yana da gonarsa, yana da aikinsa daidai gwargwado, shi ke aurar da 'ya'yansa da kansa. Har yau yana taka ƙasa zuwa gindin dutse, ko Malam na nan ko ba ya nan.

Malam Nikodimu, ɗan duwatsu, keke mai riga mota isa. Kai ne aka bari a Kano ka dawo a kan siminti ba ka riƙe kowa a zuci ba. Kai ne aka kira sayayye a tsakiyar gari, ka durƙusa ka nemi gafarar wadda ta zage ka. Kai ne ka buɗe mini ƙofar da na yi magana a kan ɗana, gari na ji, ban karya al'adar ubana ba. In an yaba maka sai ka ce Allah ne ya yi, Alhaji ne ya yi tafiyar. Gaskiya ne. Amma wani ne ke tsaye a ƙofar gida kullum asuba.

Ku samarin da ake turowa asibitocin ƙauye yanzu da farar riga da babur, ku zo ku ga mutumin nan kafin ya tafi. Ku taɓa mara lafiya da hannu. Ku san wadda ke dafa masa abinci, ku san wadda ba ya iya ce wa a'a. In magani ba a kwalba yake ba, kada ku ce babu magani. Ku kuma masu tumbi, mahauta a buɗe take ran kasuwa. Ku zo in nuna muku.

Ran da Malam zai tafi, Alhaji ya ce shi zai ɗauki akwatinsa a ka, a ƙasa, har tasha. Dela na haɗa masa guzuri. An ce ta cika kwalba da man shanu, ta ce shi wannan yana bukata.

Ni ba zan raka shi ba, gwiwata ba ta kaiwa. Zan tsaya a teburina in ɗaga wuƙa.

Na tsufa, likkafanina na ajiye a adaka. Ran da aka kai ni, in Allah ya yarda, ni ke kwance, ɗana ke tsaye, shi zai shiga kabari ya karɓe ni. Abin da na roƙa ke nan a zuciyata ran jana'izar Muhammadu Lawal, Allah ya amsa ta hannunka. Na gode, Malam. Allah ya saka maka, ya kai ka gida lafiya.